Yadda nake zaman lissafin wata da katin tambayoyi maimakon katin duba

Ƙanwata ce ta jawo maganar nan. Ta zo hutu daga makaranta ta sauka wajena nan Gombe, ranar wata Juma'a da la'asar sakaliya ina tsince wake a tsakar gida sai ta miƙo min waya tace Adda dan Allah ki kalli wannan. Bidiyo ne a TikTok, wata baturiya ta kunna kyandir ta shimfiɗa ƙyalle a kan tebur ta baza wasu katuna masu hotuna, wai duk farkon wata haka take zama ita kaɗai ta zaro guda uku, na farko na watan da ya wuce, na biyu na halin da take ciki, na uku na watan da zai kama, sai ta buɗe littafi ta rubuta abin da ta fahimta da abin da zata yi. Nace ke wannan ai duba ne. Tace a'a Adda ki ji me take cewa mana, ita fa tace bata yarda katin ya san gaibu ba, tunani kawai yake sata. Ban ƙara cewa komai ba a lokacin amma abin ya tsaya min a rai kwana da kwanaki, dan akwai abin da ya burge ni a ciki kuma akwai abin da zuciyata ta ƙi sam, sai da na zauna na raba su biyu na jefar da ɗaya na riƙe ɗaya. Wanda na riƙe ɗin nake so in koya muku. Zan dinga cewa ki dan da 'yan uwana mata na saba hira, amma maza ma naku ne.

Katin nan sunansa tarot, kuma ya kamata ki san asalinsa dan kar wani ya ruɗe ki da cewa wani tsohon sirri ne. Guda 78 ne, 22 manya masu hotuna irin su wawa da sarki da masoya da mutuwa da shaiɗan da hasumiya mai rushewa da tauraro da wata da rana, sauran 56 ɗin kuma an raba su gida huɗu, kofi, takobi, sanda da tsabar kuɗi, kowane gida 14. Asalinsa karta ce kawai irin yadda yaranmu suke buga Whot a ƙofar gida. A arewacin Italiya aka fara shi wajen shekarar 1440, masu sarauta na biranen Milan da Ferrara suna sa a zana musu suna bugawa, ita kanta kartar ma daga ƙasashen Musulmi ta shiga Turai wajen shekarun 1370, irin ta Mamalik, sarakunan Musulmi da suka mulki Masar a wancan zamanin. Kusan shekara 300 ana wasa da shi, sai a ƙarni na 18 aka fara duba da shi, musamman bayan wani Bafaranshe ya fito a 1781 yace wai ilimin bokayen Masar na zamanin Fir'auna ne aka ɓoye a hotunan, magana ba hujja ko ɗaya amma ta karɓu. Samfurin katin da kike yawan gani a bidiyo ɗin nan a Landan aka fara buga shi a 1909. Har gobe a Faransa akwai masu buga tarot a matsayin karta ba ruwansu da duba.

To ni kam ko an ce min tunani ne kawai ban yarda in shigo da shi ɗakina ba. Kati na uku fa me aka ce aikinsa? Watan da zai kama. Kin zaro hoton hasumiya tana rushewa mutane suna faɗowa, ki gaya min tsakani da Allah zaki kwana baki sa a ranki cewa wani mugun abu na tafe ba? Ai shaiɗan baya zuwa ya ce miki zo ki yi shirka, a hankali yake bi, yau tunani, gobe kin fasa tafiya Bauchi saboda kati, jibi kin fara zargin kishiya ko matar wa saboda kati. Bambancinsa da bugun ƙasa ko jefa wuri shi ne wannan yana da kala mai kyau kuma da Turanci ake bayaninsa, shikenan. Hadisi ya tabbata a Muslim cewa wanda ya je wajen mai duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ba ta kwana 40. Kuma Larabawan jahiliyya suna da kibau da ake kira azlam, ɗaya an rubuta yi, ɗaya kar ka yi, ɗaya ba komai, in mutum zai yi tafiya ko aure sai ya zaro, Allah ya haramta wannan a Suratul Ma'ida aya ta 3 ya sake ambatonsa a aya ta 90 tare da giya da caca. Ƙarshen Suratu Luƙman ma ya rufe ƙofar, babu ran da ta san abin da zata aikata gobe. Wata abokiyar aikina 'yar Kaltungo, Kirista ce, da na bata labarin tace su ma a littafinsu an hana duba, yanzu haka ita ma tana da nata katunan irin nawa.

Amma me yasa masu amfani da shi suke rantsuwa yana faɗa musu daidai? Wannan ne wajen da na fi daɗewa ina juyawa. Akwai wani malamin jami'a a Amurka mai suna Bertram Forer, a 1948 ya yi wa ɗalibansa 39 gwaji yace zai ba kowa bayanin halinsa shi kaɗai, ashe takarda iri ɗaya ya raba musu duka, maganganu irin kana so mutane su so ka, wani lokaci kana shakkar ko hukuncin da ka yanke daidai ne. Da yace kowa ya ba takardar maki daga 0 zuwa 5 gwargwadon yadda ta dace da shi, sai matsakaicin makin ya kai wajen 4.3. Kinga kenan ba takardar ce ta san su ba, su ne suka cika ta da rayuwarsu. Haka katin yake, hoton masoya ko na mutuwa ko na kuɗi wa zai kalla bai ga kansa a ciki ba? Abin da yake yi wa baturiyar nan aiki abu biyu ne, ta ware lokaci duk wata ta zauna shiru da littafi, sannan an jefo mata batun da ba ita ta zaɓa ba dole ta kalle shi. Duk biyun nan ba sa bukatar boka, kuma mu muna da su tun tuni, sunansu muhasaba. Maganar nan da ake jingina wa Sayyidina Umar, ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku hisabi, da aya ta 18 a Suratul Hashri da tace kowace rai ta duba abin da ta gabatar domin gobe, kowa ya san su a baki, yadda za a zauna a yi ɗin ne ba a koya mana ba.

Ga kayan da zaki nema, ba wani abin kashe kuɗi. Kwali mai ɗan kauri, ko farin nan da 'yan makaranta suke zane a kai ko ma kwalin taliya ki juya bayansa, almakashi, biro, ƙyauro biyar na ɗaure kuɗi, da littafin rubutu guda ɗaya sabo wanda ba za a haɗa shi da lissafin cefane ko aikin gidan yara ba. Ki yanka kwalin gida 30, kowanne kamar tafin hannu. Kar ki zana hoto ko alama a kai, tambaya kawai zaki rubuta, ɗaya a kowane kati, da Hausa ko Fulatanci ko ajami, duk yaren da kike yi wa kanki faɗa da shi a zuci. Sai ki raba su tuli biyar, kowane tuli shida: na ibada, na kuɗi, na gida da zumunci, na lafiyar jiki, na sana'a da ilimi. Ki sa musu lamba 1 zuwa 6 a baya ki ɗaure kowane tuli da ƙyauronsa.

Nan ne inda na sha bamban da masu tarot kuma dan Allah ki riƙe shi da kyau: ba a cakuɗa katunan nan, ba a rufe ido a zaro. Layi suke bi kamar adashe, wanda yake sama shi ne ɗaukarsa a wannan watan, in kin gama da shi ki mayar da shi ƙasa. Na yi haka ne saboda dalili biyu. Na farko dan kar wata rana zuciya ta raya min cewa ai ba banza wannan katin ya fito yau ba, akwai ishara, ƙofar da muka gudo kenan. Na biyu, in aka bar ni in zaɓa da kaina na san tambayoyi masu daɗi zan dinga ɗauka in bar masu ɗaci a ƙasa, layi kuwa ba ruwansa da yadda na tashi ranar. Kuma tunda shida-shida ne, duk bayan wata shida tambaya zata dawo, sau biyu kenan a shekara, sai ki buɗe baya ki karanta amsar da kika bayar wancan karon. Wallahi wannan karatun bayan ya fi komai shiga jiki, dan rubutun hannunki ne ba wanda zaki ce ya miki sharri.

Rubuta tambayoyin shi ne aikin gaske, ni sai da na yi sati ina gogewa ina sakewa. Dokar ɗaya ce, tambayar da za a iya amsa ta da Alhamdulillah lafiya lau a wuce bata da amfani. In kika rubuta ya ibadata take, amsar da zaki bayar ita ce da sauƙi sai a hankali, kin ga ba a yi komai ba. Amma in kika rubuta asuba nawa na makara a watan nan kuma ƙarfe nawa nake ajiye waya da dare, to an zo wajen. Tambaya mai kyau tana neman lamba ko suna ko rana. A tulin ibada nawa akwai ina na tsaya a karatun Alƙur'ani kuma shafi nawa na ƙara, akwai azumi nawa ake bina na ramuwa tun na bara, akwai da wa na yi gulmar wa, akwai yaushe rabon da in ba da sadakar da ba wanda ya sani. Ki rubuta naki daidai da inda takalmi yake matse ki ke, kar ki kwafi nawa gaba ɗaya, mai jego da budurwa 'yar makaranta da Hajiya mai jikoki ba damuwarsu ɗaya ba.

Tulin kuɗi shi ne wanda mutane suka fi gudu kuma shi ya fi saurin nuna amfani. Kafin ma ki taɓa katin watan, akwai lambobi huɗu da zaki rubuta a saman shafi duk wata ba fashi: nawa ya shigo, nawa ya fita, nawa nake bi, nawa ake bina. Ba sai kin dogara da ƙwaƙwalwa ba, ki buɗe waya ki bi alat ɗin banki ɗaya bayan ɗaya daga farkon wata, na hannu kuma ki ƙiyasta iya gaskiyarki. Watan farko da na yi haka na tara kuɗin data da cajin masu POS da kuɗin Keke Napep na zirga-zirgar da ba dole ba, sai da na ajiye biro na yi shiru, dan kowanne shi kaɗai ɗan kaɗan ne ba ya ko tsayawa a rai amma da suka haɗu sun isa kwanon shinkafa da yawa. Tambayoyin da suke tulin sun haɗa da me na saya a watan nan dan kar a raina ni, anko nawa na yi kuma nawa ne a ciki na dole, wane bashi nake jin nauyin tambaya, wane bashi nake kauce wa mai shi a hanya, zubin adashe nawa na shiga kuma ɗaukar zata tafi ina. Batun bashi kam kar ki raina shi, aya mafi tsawo a Alƙur'ani gaba ɗaya, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ni da nake ɗan saida atamfa da mayafai ina ba da kaya bashi ga ƙawaye da 'yan uwa, da can kunya take hana ni rubutawa a gabansu, yanzu littafin nan ya koya min in rubuta suna da rana da adadi, kuma zumuncin ma ya fi lafiya haka dan babu musu daga baya.

Sai tulin gida da zumunci, nan ne hawaye yake. Akwai kati ɗaya da na rubuta da hannuna amma duk zuwansa sai gabana ya faɗi: wa nake fushi da shi har yanzu, kuma kwana nawa kenan? Karon farko da ya zo layi na san amsar tun kafin in gama karantawa, wata goggona ce a Kumo, magana ce ta shiga tsakaninmu a wajen wani biki, ba zagi ba duka amma na riƙe, na daina kira, in ta kira in ce ina aji. Da na ƙirga da yatsa sai na ga wata bakwai, ni da na san hadisin da ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa sama da kwana uku. Ban kira ta a waya ba dan zumunci a ƙafa yake, Asabar ɗin da ta biyo na shiga mota na tafi da ɗan sabulu da turare, tana ganina ta tashi ta rungume ni tace 'yar nan ashe zaki zo, bata ko tada maganar ba ni ma ban tada ba. Wata bakwai ina ɗauke da abin da yini ɗaya ya sauke. Sauran katunan tulin: yaushe rabon da in zauna da Inna ba dan wata bukata ba, wanne a cikin yarana na fi yi wa tsawa a watan nan kuma laifinsa ne ko gajiyata ce, wace magana nake ɓoye wa maigida da ya kamata ya sani, wace maƙwabciya ce bata da lafiya ko ta haihu ban leƙa ba.

Na lafiya da na sana'a ba sai na ja su ba. Yaushe rabon da a gwada min hawan jini, awa nawa nake barci, wane ciwo nake dannewa da maganin kemis ban je asibiti ba, rigakafin yara ya cika. A sana'a kuma wane kaya ne ya kwanta bai tafi ba, wane kwastoma na ɓata wa, me na koya sabo.

Yaushe ake zaman? Ya danganta da wane wata ne yake juya rayuwarki. Ni da watan Musulunci nake bi, idan aka sanar daga fadar Sarkin Musulmi cewa wata ya kama sai in zauna a cikin kwana uku na farko, na fi son haka dan yana sa in san ina muke, da can sai a ce min an shiga Rajab in ce yaushe, azumi ya zo ya same ni ban rama na bara ba. Watan kwana 29 ne ko 30, shekarar kuma tana gaza ta Bature da wajen kwana 11, shi yasa azumi da sallah suke matsowa gaba duk shekara, in ba kina bi ba sai su haɗe miki da kuɗin makaranta ba shiri. Mai albashi kuma in ta ga ƙarshen watan Bature ya fi mata to ta yi zamanta kafin alat ya shigo, kar ta bari sai ya shigo, dan kuɗin da ya riga tsari isowa kafin ki buɗe littafi ya watse. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai, kar ki mayar da zaman nan wata ibada mai rana da addu'a ta musamman da ba a koyar ba, tsari ne kawai kamar yadda mai shago a Babbar Kasuwa yake ƙirga kayansa, ba kyandir ba turare na musamman ba fuskantar wani waje. In wata ya zo kina asibiti ko gidan rasuwa ki ɗaga shi zuwa sati mai zuwa ba laifin komai.

Ni bayan isha'i nake yi in yara sun kwanta, in kashe data in kifa wayar bayan na gama kwashe lambobin kuɗi, in babu wuta in kunna 'yar fitila mai caji. Minti 40 ya isa, in ya wuce awa ɗaya kin fara zagaye ne. Farko ki buɗe shafin watan jiya ki karanta alƙawura ukun da kika ɗauka, kowanne ki sa masa na yi ko ban yi ba, babu na kusa, in ba ki yi ba ki rubuta dalili a layi ɗaya kuma dalilin gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai lambobin kuɗi huɗun nan. Sai ki zare katin sama na kowane tuli, biyar kenan, ki jera su a gabanki ki amsa ɗaya bayan ɗaya a rubuce, layi uku zuwa biyar. A rubuce fa nace, amsar zuci tana zamewa kamar tarwaɗa, kina cikin tunanin bashi sai ki tsinci kanki a tunanin miyar gobe.

Akwai wata ƙa'ida a kan rubutun da na koya daga baya. Laifin da yake tsakaninki da Ubangijinki kar ki zayyana shi a littafi, Allah ya rufa miki asiri kar ki tona wa kanki, littafi yana iya faɗawa hannun yaro ko baƙo. Ki sa ɗigo ko wani harafi da ke kaɗai kika san me yake nufi, ki yi istigfari ki wuce. Haka sunayen mutane in maganar mai nauyi ce, harafin farko ya isa. Littafin kuma ki samar masa waje a ƙasan akwati. Kuma zaman nan ba na dukan kai bane, in kin ga kin fara cewa ni ba ni da amfani ni kullum haka nake to ki tsaya, ki rubuta ni'imomi uku da suka same ki a watan da sunansu, yaro ya warke, an biya ki bashin da kika cire rai, ruwa ya sauka gonar Baba ta yi kyau, sannan ki ci gaba.

Sashe na ƙarshe shi ne na gaba, wanda baturiya take zaro wa kati na uku. Mu ba ma tambayar me zai faru, muna tambayar me na riga na san yana tafe, kuma abin mamaki yawancin abin da yake kada mu a wata ba gaibu bane sam, a kalanda yake. Ki duba: akwai komawa makaranta, su Satumba da Janairu da bayan hutun zango na biyu? Akwai bikin da aka riga aka sa rana, akwai mai cikin da ta kusa, kuɗin haya yaushe zai cika, saura wata nawa azumi, saura nawa layya? In kaka ta kusa ki fara tara na buhun masara ko wake tun yanzu ki je Tudun Hatsi lokacin da sabon amfani ya shigo, kar ki bari sai tsakiyar damina da hatsi yake tsada kina awo kwano-kwano. In damina ce ki duba gidan sauron yara ko ya yage da kwatar ƙofar gida, in hunturu ne kayan sanyi da man shafawa, in bazara ce batun ruwa da yadda za a rage cunkoso a ɗaki saboda zafi da sanƙarau. Duk wannan ki rubuta shi a gefe ɗaya na shafin da ranakunsa.

Daga nan ki fitar da alƙawura uku kacal na watan, daga cikin amsoshin katunan da abin da kalanda ta nuna. Uku fa, na san zaki so ki rubuta goma dan zuciya ta yi zafi a lokacin, ni ma na yi hakan a farko na rubuta tara ban cika ko biyu ba, taura biyu ma bata taunuwa balle tara. Kowane alƙawari sai da rana da adadi, in da wani a ciki da sunansa. Zan rage kashe kuɗi ba alƙawari bane, buri ne. Zan sayi data sau ɗaya ranar 1 ga wata in ta ƙare shikenan, wannan alƙawari ne. Zan gyara zumunci buri ne, zan je Dukku gaida Kawu ranar Lahadi ta biyu alƙawari ne. Ki rubuta in sha Allah a gaban kowanne kamar yadda Suratul Kahfi ta koyar, ki kwafe su a 'yar takarda ki liƙa a cikin murfin wadrob inda ido zai dinga faɗawa kullum. A tsakiyar wata, ni nakan haɗa shi da kwanakin azumin 13, 14 da 15 dan kar in manta, ki leƙa takardar minti biyar ki ga ina aka kwana.

In kuma wani babban hukunci ne ya taso a cikin zaman, aure ko barin aiki ko shiga sabuwar sana'a ko ƙaura, to wannan ya fi ƙarfin kati da littafi, katin iyakarsa ya tuna miki cewa maganar tana nan kina ta ɗagawa. Hanyarsa sananniya ce, ki nemi shawarar wanda ya san abin kuma yake ƙaunarki, ki yi raka'a biyu na istihara da kanki ki karanta addu'ar, ba wai ki ba wani kuɗi ya kwana ya gano miki ba, sannan ki ɗaura niyya ki dogara ga Allah.

Wasu suna tambayata ko za a iya yi da maigida. Tulin kuɗi da kalandar gaba kam yana da kyau ku zauna tare in yana da sauƙin kai, mu muna yi, kuma ya rage mana yawan ai na zata kin sani da ai baka faɗa min ba. Sauran tulin huɗu naki ne ke kaɗai, kar ki mayar da katin makamin yi masa shari'a, in yana so ya yanka nasa kwalin.

Ƙanwar tawa da zata koma makaranta ta kwashe ragowar kwalina ta yanka nata, ta cire tulin gida ta sa na karatu, na ga ɗaya a ciki ta rubuta lakca nawa na ƙi shiga kuma ina nake a lokacin. Ni kuma jiya na leƙa tulin lafiya na ga katin hawan jini ne a sama, na buɗe baya na ga wata shida da suka wuce na rubuta zan je ban je ba, dan haka ban jira zaman ba, na riga na gaya wa maigida ranar Litinin da safe in na kai yara makaranta asibiti zan wuce.